Maganar Wanda Ba Ya Wurin: Yadda Masu Warkarwa Ta Hanyar Labari Suke Koyo Da Tattauna Taɓin Hankali A Intanet

Warkarwa ta hanyar labari, wato taimaka wa mutum a kan matsalolin rayuwa da na ƙwaƙwalwa ta hanyar sauraron yadda yake ba da labarin kansa da taya shi sake tsara wannan labari, sana'a ce da aka ƙirƙira a cikin ɗaki, kuma a cikin ɗaki aka daɗe ana koyon ta. Mutum biyu ne suka aza harsashinta a shekarun 1980: Michael White, jami'in walwalar jama'a a birnin Adelaide na ƙasar Ostireliya, da David Epston, haifaffen Kanada da ya zauna a Auckland ta Niyu Zilan yana aiki da iyalai. A 1983 aka buɗe Cibiyar Dulwich a Adelaide, wadda ta zama matattarar masu bin wannan tafarki, a 1990 kuma littafin da mutanen biyu suka rubuta tare ya fito a Amurka, daga nan sunansu ya bazu. Mai son koyo a wancan zamani sai ya yi tattaki, ya zauna a kusurwar ɗaki ko a bayan gilashin da ake gani ta gefe guda, ya zuba wa malami ido yana jefa tambayoyi, ya lura da inda ya matsa da inda ya ja baya. White ya rasu a watan Afrilun 2008, saboda haka duk wanda ya shigo sana'ar bayan wannan shekara a bidiyo da rubutu kaɗai ya san shi.

A yau babban kaso na wannan koyo ya koma intanet. Cibiyar Dulwich tana da darussa na kyauta da kowa zai iya bi daga wayarsa, tun 2014 kuma tana gudanar da digiri na biyu a wannan fanni tare da Jami'ar Melbourne, wanda ɗalibai daga ƙasashe da dama suke yin galibinsa daga inda suke zaune. Cutar korona, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana a matsayin annoba a ranar 11 ga Maris 2020, ita ce ta ƙarasa tura tarurrukan horo da zaman duba aiki zuwa kiran bidiyo. Abin da ya kamata a tantance shi ne me waya take iya ɗauka daga wannan sana'a, me kuma yake zubewa a hanya, musamman idan batun taɓin hankali ne, inda kuskure yake iya cin rai. A ganina, ingancin bidiyo da yawan darussa ƙananan abubuwa ne idan aka kwatanta da yadda abokan aiki suke maganar mutumin da ba ya cikin kiran, alhali rayuwarsa ce aka baje a faifai.

Kafin a kai ga haka dole a san abin da ake koyo. Jigon tafarkin wata gajeriyar magana ce da mabiyansa suke yawan maimaitawa, cewa mutum ba shi ne matsalar ba, matsalar ita ce matsalar. White ya fara gwada wannan da yara masu yin kashi a wando bayan sun wuce shekarun haka, kamar yadda ya bayyana a wata maƙala a 1984. Iyaye sukan zo a gajiye, sun riga sun yanke cewa yaron ƙazami ne ko mai taurin kai, shi ma yaron ya sunkuyar da kai ya karɓi hukuncin. Sai White ya laƙaba wa matsalar suna, ya mai da ita wani ɗan sanɗa mai wayo da yake shammatar yaro, ya riƙa tambaya: yaushe yake shammatar ka, me yake hana ka yi, akwai ranar da ka riga shi? Da haka sai sahu ya sauya, yaro da iyayensa suka koma ɓangare guda, matsalar ta koma ɗaya ɓangaren. Wannan dabara ta raba mutum da matsalarsa ba baƙuwa ba ce ga harshenmu, domin mukan ce tsoro ya kama shi, baƙin ciki ya lulluɓe ta, fushi ya ɗebe shi, duk muna nuna cewa abu ne ya zo ya sami mutum. Amma da zarar an kai ga taɓin hankali sai harshe ya juya, a ce wane mahaukaci ne, kalma guda ta haɗiye sunansa da sana'arsa da tarihinsa.

Mataki na biyu shi ne farautar lokutan da matsalar ba ta yi galaba ba. Matar da ciwon damuwa ya kwantar wata shida, wadda take cewa ba ta da wani amfani, idan aka bi a hankali za a tarar ranar Talatar da ta wuce ta tashi ta raka ɗanta makaranta. Mashawarci, wato mai aikin warkarwar, ba zai yaba mata ya wuce ba. Zai tambaye ta yadda ta shirya wa wannan tashi, da abin da damuwa take raɗa mata a kunne a lokacin, da abin da ta fifita a kan wannan raɗa, da kuma wanda ba zai yi mamakin jin haka ba a cikin waɗanda suka san ta tun tana yarinya. Da irin waɗannan tambayoyi ake saƙa labari na biyu, wanda White, cikin aron kalmomin masanin al'adu Clifford Geertz, ya kira bayani mai kauri, saɓanin bayani shara-shara da ake yanke wa mutum da kalma ɗaya. Ya kuma ɗauki tunanin Michel Foucault na Faransa a kan yadda ilimin ƙwararru yake zama iko, har mutum ya riƙa auna kansa da ma'aunin da aka gindaya masa ya zama ɗan sandan kansa.

A nan ne tafarkin yake haɗuwa da likitancin ƙwaƙwalwa, kuma a nan muhawarar abokan aiki ta fi zafi. Sunan cuta da likita yake rubutawa a kati shi ma labari ne, mai ƙarfin gaske, domin yana buɗe ƙofar magani da tallafi, yana kuma iya rufe ƙofar aiki da ta aure. Masu wannan tafarki sukan tunatar cewa kundin da ake ɗauko sunayen, mutane ne suke zama su rubuta shi, su kuma gyara. Kundin DSM na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ya fara fitowa a 1952. A bugu na biyar, na 2013, an daina lissafa larurar Asperger ita kaɗai, aka shigar da ita ƙarƙashin otizim, wato larurar da ke shafar yadda mutum yake mu'amala da jama'a tun yana yaro, a 2022 kuma aka ƙara alhinin rashi da ya ƙi wucewa a jerin. Mutum ya kwana da wani suna ya wayi gari da wani, alhali shi bai sauya ba. Wannan gaskiya ne, amma rabinta ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970, wato ɗaya cikin takwas na al'ummar duniya, suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kimanin miliyan 280 da ciwon damuwa, kimanin miliyan 24 kuma da sikizofireniya, cutar da takan sa mutum jin muryoyi ko gaskata abin da babu shi, sannan sama da mutum 700,000 suna kashe kansu kowace shekara. Sauyin suna a kundi bai rage wa ko ɗaya daga cikinsu raɗaɗi ba.

White kansa bai ce wa kowa ya zubar da magani ba, kuma wannan batu ne da sababbin ɗalibai suke yawan tsallakewa. Abin da ya dame shi shi ne a bar mutum ba shi da hanyar bayyana kansa sai ta sunan cuta, a kuma daina tambayar sa ko maganin yana kusantar da shi ga irin rayuwar da yake so. A shekarun 1990 ya yi aiki a Adelaide da wata ƙungiya ta masu jin muryoyin da sauran mutane ba sa ji, waɗanda suka riƙa rubuta takardun da suke fallasa dabarun muryoyin da ke musguna musu, suna karantawa idan abin ya taso. A Holan kuwa, likitan ƙwaƙwalwa Marius Romme da abokiyar aikinsa Sandra Escher sun soma wani yunƙuri makamancin wannan a 1987, bayan Romme ya fito a talabijin tare da wata majinyaciyarsa, ɗaruruwan mutane suka tuntuɓe su, cikinsu har da masu jin muryoyi da ba su taɓa zuwa asibiti ba, suna kuma tafiyar da rayuwarsu. Misalai ne masu daɗin ji a darasi, kuma haɗarinsu ke nan, domin ɗalibi yana iya fitowa da zaton cewa duk mai jin murya tattaunawa ta ishe shi.

Amfanin intanet ga masu wannan sana'a ba abin rainawa ba ne. Alƙaluman 2020 na Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a matsakaici ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa 13 ne ga kowane mutum 100,000 a duniya, amma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su kai 2 ba, a masu arziki kuwa sun haura 60. Ma'anar wannan ita ce akwai mashawarcin da yake aiki shi kaɗai tilo a yanki guda, ba shi da wanda zai leƙa ofishinsa ya ce masa zo ka ji wannan. Ga irinsa, kiran bidiyo na awa ɗaya da rabi a wata shi ne kaɗai wurin da wani zai ji tambayoyinsa ya gyara masa. Ban da haka, bidiyo yana da abin da zama a bayan gilashi ba shi da shi, domin ana iya tsayar da shi, a mayar baya, a rubuta tambayar malami kalma da kalma, a gano cewa amsar da mutum ya bayar minti goma da suka wuce ita ce malamin ya ɗauko ya gina sabuwar tambaya a kai. Sannan tafarkin tun asali ma'abocin rubutu ne, Epston ma ya shahara da rubuta wa mutane wasiƙa bayan zama yana mayar musu da kalmominsu, don haka mai tattaunawa a rubuce da abokan aiki yana horar da hannunsa ne a kan abin da zai buƙata.

Koyon ma ya daina gangarowa daga gefe guda. Dabarar Bishiyar Rayuwa, wadda Ncazelo Ncube ta Zimbabuwe ta tsara tare da David Denborough na Cibiyar Dulwich a wajajen 2006, an ƙirƙire ta ne domin yaran kudancin Afirka da cutar ƙanjamau ta raba da iyayensu, bayan an lura cewa sa su maimaita labarin rashin kuka kawai yake ƙara musu. Yaro yakan zana bishiya, saiwa ita ce asalinsa, gangar jiki basirarsa, rassa burinsa, ganye mutanen da suke da muhimmanci gare shi ko da sun mutu, sai bayan ya tsaya a kan wannan ake maganar guguwa, wato wahalhalun da suka same shi. Yau ana amfani da ita da 'yan gudun hijira da majinyata a asibitocin ƙwaƙwalwa a Ingila da wasu ƙasashe.

Abin da ke zubewa a hanya kuwa shi ne hannu. Kalmomin tafarkin suna da sauƙin haddacewa, cikin mako biyu mutum zai iya magana kamar tsohon hannu, amma sana'ar tana cikin sanin lokacin da za a yi tambaya da lokacin da za a haɗiye ta. Littafin da White ya fitar a 2007 ya zana taswirorin tattaunawa mataki-mataki, ya kuma yi kashedi a ciki cewa ba kowace matsala ce za a kwatanta da abokin gaba ba, amma wanda ya koyi taswirorin daga allon kwamfuta ba tare da wani ya kalli aikinsa ba yakan mai da su takardar cikewa. Sai ka ga an dage wa mutum sai ya raɗa wa matsalarsa suna, alhali shi so yake a ji cewa kwanansa huɗu bai runtsa ba. Mafi muni shi ne raba mutum da abin da bai kamata a raba shi da shi ba. Idan mutum yana dukan matarsa, aka ce fushi ne yake ɗibar sa, an ba shi mafaka ke nan. Alan Jenkins, shi ma daga Adelaide, ya wallafa aiki a 1990 a kan yadda ake gayyatar irin waɗannan maza su ɗauki alhakin abin da suka aikata, kuma duk wanda ya sami horo na ƙwarai ya san wannan iyaka.

Gyaran irin waɗannan kurakurai shi ne aikin tattaunawar abokan aiki, kuma tafarkin yana da tsarinsa na yin ta. A shekarun 1980 Tom Andersen na ƙasar Nowe ya fito da wata dabara: maimakon ƙwararru su ɓuya a bayan gilashi su yanke hukunci, sai a juya fitila da lasifika, iyali su saurari abin da ake faɗa a kansu. White ya haɗa wannan da aikin Barbara Myerhoff, masaniyar al'adu da ta zauna da tsofaffin Yahudawa a unguwar Venice ta Kalifoniya a shekarun 1970, ta ga yadda mutanen da duniya ta manta da su suke shirya taruka domin a shaida ko su wane ne. Daga nan ya tsara zaman shaidu, inda ake tambayar mai sauraro abu huɗu a jere: wace kalma ce ta tsaya maka, wane hoto ta kawo maka na abin da mutumin ya ɗauka da daraja, me ta taɓa a rayuwarka, ina kuma jin ta ya kai ka. A wannan zama ba a ba da shawara, ba a yabo, ba a kuma fassara mutum.

A ɗauki misalin mutum shida a kiran bidiyo, kowa a ƙasarsa, wani da safe wani da dare. Wata ma'aikaciya ta kawo batun wani matashi da take gani, ta fara yadda aka saba a asibiti: namiji ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sikizofireniya, ya daina shan magani sau biyu, ba ya ba da haɗin kai. Mai jagorantar zaman ya dakatar da ita cikin ladabi. "Malama, da a ce yana cikin kiran nan yana jin mu, haka za ki gabatar da shi?" Ta yi shiru, ta buɗe littafinta, ta sake farawa da kalmominsa. Ya ce muryoyin suna yi masa kamar rediyon maƙwabci da ba shi da ikon kashewa. Ya ce maganin yana rage ƙarar, amma yana sa hannunsa rawa har ba ya iya gyaran wayoyin da yake ci da su. Ya ce ƙanwarsa ce kaɗai take kiran sunansa ba tare da ta sassauta murya ba. Bayanin farko bai ƙunshi ƙarya ba, sai dai babu tambayar da za a gina a kansa ban da ta yadda za a sa shi ya sha magani. Na biyun ya nuna cewa abin da aka kira rashin haɗin kai ciniki ne tsakanin samun shiru a ka da riƙe hanyar abinci, kuma wannan magana ce da za a iya kai wa likitansa, domin rawar hannu sananniyar illa ce ta wasu magungunan wannan cuta, ana kuma iya rage adadi ko a sauya magani.

Zaman yana iya tafiya daidai har nan, sannan ya gaza a mataki na gaba. Mutum shida masu ra'ayi ɗaya, waɗanda suka sha karatu a kan illar sunayen cuta, kowa yana jin nauyin a ce shi ne zai ɓata daɗin hirar da tambayar ko matashin ya taɓa maganar kashe kansa, ko muryoyin suna umartar sa da wani abu, ko yaushe rabonsa da barci. A kiran bidiyo wannan nauyi ya fi yawa, domin babu fita shan iska da za a ja mutum gefe a raɗa masa, kuma shiru na daƙiƙa biyar yakan zama kamar layi ne ya yanke, sai wani ya yi sauri ya cike shi da magana mai daɗi. Alhali akwai abubuwan da tattaunawa ba ta isa ta taɓa su ba. Raguwar aikin ƙwayar tayirod da ke maƙogwaro tana iya zuwa da kamannin ciwon damuwa, kuma gwajin jini ne yake tona ta. Rikicewar hankali bayan haihuwa, wadda take samun mace 1 zuwa 2 cikin kowace 1,000 da suka haihu, larura ce ta gaggawa da take buƙatar asibiti a ranar. Yanke maganin sikizofireniya farat ɗaya yana ƙara yiwuwar cutar ta dawo. Cutar ƙin cin abinci, wadda Epston ya daɗe yana tattara shaidar masu fama da ita domin su amfanar da juna, tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafi kisa, kuma mai ita yana buƙatar a riƙa duba zuciyarsa da jininsa komai kyawun hirar da ake yi da shi. Maganin wannan jin nauyi, a ganina, shi ne a ware wa tambayoyin haɗari lokaci a kowane zama, a ɗora wa mutum guda alhakin yin su, domin kada a jira sai mai ƙarfin hali ya furta.

Dole kuma a bambanta hirar abokan aiki da duba aiki na malami. Malamin da yake duba aikin mashawarci yana ɗauke da wani kaso na alhaki, ya san dokar ƙasar, ya san asibitin da za a tura mutum, abokin aiki da ke wata nahiya kuwa ba ya ɗauke da ko ɗaya. Dokar kwantar da mutum a asibiti ba da son ransa ba ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka da Ostireliya ma daga jiha zuwa jiha. Shawarar da ta dace a inda motar asibiti take isowa cikin minti goma tana iya zama ganganci a inda sai an yi tafiyar yini kafin a sami likitan ƙwaƙwalwa.

Batun sirri ya fi yi wa wannan tafarki wuya, saboda wani dalili da ba a cika lura da shi ba. Wanda ya gabatar da majinyaci da sunan cuta da shekaru ya ɓoye shi ba tare da ya yi niyya ba, domin dubban mutane ne bayanin ya dace da su. Wanda ya kawo ainihin kalmomin mutum, da sana'arsa, da ƙanwarsa, da rediyon maƙwabci, ya zana shi ne ƙarara, sauya suna kawai ba zai rufe shi ba. A ɗaki magana takan mutu da tashin taro, a intanet kuwa ana naɗa, ana ɗaukar hoton allo, manhajoji suna rubuta abin da aka faɗa su ajiye a na'urorin wani kamfani a wata ƙasa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman, Amurka ma tana da tata dokar tun 1996, amma babu dokar da za ta hana ɗan gidan mashawarci jin abin da ke fitowa daga lasifika. Mafitar da ta dace da ruhin tafarkin ita ce neman izini na gaskiya, a gaya wa mutum su wa za su ji da abin da za a faɗa, ya cire abin da ba ya so, a kuma dawo masa da abin da aka ce.

Akwai kuma tambayar da masu ra'ayi ɗaya ba sa son yi wa kansu, wato ko abin yana aiki. Binciken da aka yi a kan wannan tafarki bai kai ko kusa da na hanyar gyaran tunani da ɗabi'a ba, wadda aka auna a ɗaruruwan gwaje-gwaje. Wani bincike a Ostireliya da aka wallafa a 2011 ya bi manya ƙasa da 50 masu ciwon damuwa ta zama 8, ya ga sauƙi a yawancinsu, amma babu rukunin da aka kwatanta su da shi. Wani a Fotugal a 2014 ya kwatanta wannan tafarki da hanyar gyaran tunani da ɗabi'a a kan mutum 60 da 'yan kai, duka biyun suka kawo sauƙi. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne, amma bai isa tutiya ba, kuma wani ɓangare na laifin na masu tafarkin ne, domin da yawansu suna ganin auna mutum da maki shi ne ainihin abin da suke gudu. Sukar cikin gida ma ta daɗe, domin a 1998 Salvador Minuchin, ɗaya daga cikin jiga-jigan masu aiki da iyalai, ya tambaya a rubuce ina iyali suka shiga a wannan sabuwar hanya, yana ganin an koma sauraron labarin mutum ɗaya an bar kallon yadda mutanen gida suke mu'amala a gaban ido. Kiran bidiyo, inda kowa yake cikin ɗan akwatinsa daga kafaɗa zuwa sama, ya ƙara wa wannan magana nauyi.

Saboda haka zaman da ya fi amfani shi ne wanda ba kowa ne ɗan gida ba a cikinsa. A sami likitan ƙwaƙwalwa ko ma'aikaciyar jinya da za ta ce wannan alama ce ta kaza, a sami kuma wanda shi kansa ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa, ya san yadda ake ji idan an tsaya a kan mutum ana maganarsa yana kwance. Epston yakan ɗauki masu fama da matsala a matsayin masana a kanta da abokan bincike, kuma intanet ta sauƙaƙa gayyatar irin waɗannan masana, muddin za a biya su kamar kowane malami, a kuma bar su su ƙi yarda da abin da aka faɗa.

A misalin matashin nan, abin da ya rage bayan an kashe kira shi ne wasiƙa. Ma'aikaciyar ta tattara abin da shaidu biyar suka ce a shafi ɗaya, ta haɗa da tambaya biyu da za su kai wa likita tare a kan rawar hannu, sannan a zama na gaba, bayan ta yi masa tambayoyin haɗarin da aka tunatar da ita, ta karanta masa. Ɗaya daga cikin shaidun ya kira shi jarumi mai yaƙi da muryoyi. Matashin ya karɓi biro ya soke wannan layi, ya ce shi ba yaƙi yake yi ba, ya gaji da yaƙi, so yake a rage ƙarar ya koma bakin aikinsa. Ma'aikaciyar ta nemi izininsa ta ɗauki hoton shafin da layin da ya soke, domin shi za ta fara nuna wa abokan aikinta a zaman wata mai zuwa.